Yadda zaka gano su waye 'yan majalisar jiha a Amurka ta ƙarni na 19: mu ɗauki Karolina ta Kudu, 1868

Wani hoto ne ya jefa ni cikin wannan aikin. Ƙanwata ce ta turo min shi a WhatsApp, tsohon hoto ne mai ƙananan fuskoki 63 an jera su layi layi, kowanne da sunansa a ƙasa, an ce wai 'yan majalisar dokokin jihar Karolina ta Kudu ne na farko bayan yaƙin basasar Amurka, kuma 50 daga cikinsu baƙar fata ne. Tace min yaya wai da gaske ne, mutanen da shekara uku baya ake sayar da su a kasuwa sune suka zauna suna yin doka? Nace mata da gaske ne, amma da ta tambaye ni su waye, daga ina kowa ya fito, shekara nawa yayi a kujera, sai na ga ba abin da zan iya ce mata da tabbaci. Toh daga nan na shiga tono, kuma hanyar da na bi ce zan shimfiɗa maka anan, ko kai ɗalibin tarihi ne, ko mai rubutu a Wikipedia ta Hausa, ko kawai mai son sanin abu daga tushe. Da Karolina ta Kudu zan yi misali amma hanyar tana aiki a kusan kowace jiha ta Amurka a wancan ƙarnin.

Kafin ka nemi suna ko ɗaya, ka fara sanin kujerun. Wannan shine abin da mutane suke tsallakewa sai su ruɗe daga baya. Ka nemo kundin tsarin mulkin jihar wanda yake aiki a shekarar da kake bincike, don jihohin nan suna canja kundi, kuma kowane canji yana taɓa wanda ya isa ya shiga majalisa. A Karolina ta Kudu kundin 1790 cewa yayi wanda zai zama ɗan majalisar wakilai sai farar fata, sannan sai yana da eka 500 ta ƙasa da bayi goma, ko kadarar ƙasa da ta kai fam 150 ba bashi a kanta. Ka sake karanta wannan, bayi goma suna cikin sharaɗin cancanta. Kundin 1868 kuwa, wanda aka rubuta a taron da ya fara zama a Charleston ranar 14 ga Janairu 1868, wakilai 124 kuma sama da rabinsu baƙar fata, ya share maganar dukiya da launin fata gaba ɗaya. A ƙarƙashinsa majalisar wakilai tana da kujera 124 ana raba su ga gundumomi gwargwadon yawan jama'a, wa'adi shekara biyu, majalisar dattawa kuma kowace gunduma sanata ɗaya sai Charleston da aka ba biyu, wa'adi shekara huɗu, rabi suna fita duk bayan shekara biyu. In ka riƙe wannan, duk jerin da aka kawo maka na wakilai ka ƙirga, in bai kai 124 ba akwai wanda aka bari, in ya wuce kuma toh akwai kujerar da mutum biyu suka zauna a kanta cikin wa'adi ɗaya, kuma nan ne labarin yake.

Sai taswira. Gundumomin ba a tsaye suke ba. A 1868 aka raba Pickens aka fitar da Oconee, a 1871 aka ƙirƙiri Aiken daga yankunan Edgefield da Barnwell da Orangeburg da Lexington, Hampton kuma sai 1878. Shi yasa zaka ga wani ɗan majalisa mai suna Prince Rivers yana wakiltar Edgefield a 1868 sannan daga baya ka gan shi a ƙarƙashin Aiken ka ɗauka ko mutum biyu ne ko ƙaura yayi, alhali yana nan a garinsu na Hamburg, iyaka ce ta motsa. Kamar dai wanda aka haifa a Dutse kafin 1991, takardarsa tana cewa jihar Kano amma yau Jigawa ce.

Toh yanzu tushe. Kowace majalisa tana da littafin zamanta da akawu yake rubutawa kullum ana bugawa a ƙarshen zango, na wakilai daban na dattawa daban. Wannan littafin shine uwa, duk sauran 'ya'ya ne. Ka shiga shafukan intanet masu ajiye tsofaffin littattafai, HathiTrust ko Google Books ko Internet Archive, ka rubuta Journal of the House of Representatives of the State of South Carolina 1868, na dattawa kuma ka sa Senate a madadin House of Representatives. Kyauta ne tunda tsofaffin bugu ne. Shawarata in ka samu wanda ake saukewa ka sauke PDF ɗin gaba ɗaya lokacin da kake da data mai yawa ko wayifai, don littattafan nan masu kauri ne, buɗe su shafi shafi a burauza yana cin data yana cin rai. A 1868 ka lura zama biyu aka yi, akwai na musamman da aka buɗe ranar 6 ga Yuli a Columbia babban birnin jihar, a wani zaure da ake kira Janney's Hall saboda ginin majalisar bai kammalu ba, sannan akwai na ka'ida da ya fara a Nuwamba. Duka biyun zaka nema.

Shafukan farko su ne zinariya. Ranar buɗewa ana kiran gunduma gunduma, waɗanda aka zaɓa su gabatar da takardar shaidar cin zaɓe a rantsar da su, akawu ya jera sunayensu. Ka kwafe su duka. Ni da littafin makaranta mai layi na fara, na sa rula na ja gidaje, gunduma, suna, ranar rantsuwa, ranar fita, dalilin fita, wanda ya gaje shi, sai wani gida mai faɗi a ƙarshe na rubuta inda na samu kowane bayani da lambar shafi. Daga baya na mayar da shi Excel a kwamfuta. Wannan gidan na ƙarshe dan Allah kar ka raina shi, bayan sati uku wallahi ba zaka tuna a ina ka ga abu ba, kuma bayanin da baka san inda ka samo shi ba daidai yake da jita jita.

Abin da nafi so ka ɗauka daga rubutun nan shine jerin ranar farko ba shine jerin majalisa ba. Majalisa abu ce mai motsi, mutane suna zuwa a makare a rantsar da su bayan sati biyu, wasu suyi murabus don an basu alƙalanci ko wani muƙami, wasu a ƙalubalanci zaɓensu kwamiti ya zauna a cire su a sa abokin takara, wasu su mutu, wasu a kashe su. Dole ka bi littafin har ƙarshe, ko aƙalla ka je fihirisar da ke bayan littafin ka bi kowane suna da duk inda aka ambaci zaɓe da murabus da rasuwa. Hanya mai sauƙi ta gane wanda ya ɓace ita ce ƙuri'ar kiran suna, inda ake jera masu e da masu a'a, ka ɗauki ɗaya daga farkon zango ɗaya daga tsakiya ɗaya daga ƙarshe ka gwada su da jerinka.

Ta haka na ci karo da Benjamin F. Randolph. Dare ne, an ɗauke wuta, ina kwance a tabarma a tsakar gida da waya a hannu caji ya kusa ƙarewa, ina bin sunayen dattawa da yatsa. A zaman Yuli sunansa yana nan, sanata daga Orangeburg, yana ta fitowa. Na buɗe na Nuwamba na bi masu jefa ƙuri'a sau biyu ban gan shi ba. Da na bincika sai na tarar ranar 16 ga Oktoba 1868 yana tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Hodges a gundumar Abbeville, yana rangadin yaƙin zaɓe, da rana tsaka wasu turawa uku suka harbe shi suka hau dawakinsu suka tafi. Mutumin an haife shi ɗa ne ba bawa ba a Kentucky, ya tashi a Ohio, yayi karatu a kwalejin Oberlin, yayi limamin sojoji a runduna ta 26 ta baƙaƙen sojojin Tarayya, wato ɓangaren Arewa a yaƙin basasa, sannan ya tsaya a kudu yana aikin makarantun 'yantattun bayi. Na daɗe ina kallon wayar ban iya ci gaba ba a daren. A cikin watan ne kuma aka kashe James Martin ɗan majalisar wakilai daga Abbeville ɗin, shi farar fata ne ɗan Rifablikan, kafin su kuma a watan Yuni an kashe Solomon Dill na Kershaw tun ba a kai ga buɗe zaman ba. In da jerin intanet kawai na kwafa, Randolph layi ɗaya ne, 1868 zuwa 1868, shikenan. Har yau akwai maƙabarta a Columbia da take ɗauke da sunansa.

Wasu kuma fitarsu ta alheri ce. Jonathan Jasper Wright sanatan Beaufort ya bar kujera a 1870 don an zaɓe shi alƙalin kotun ƙolin jiha. Joseph Rainey sanatan Georgetown, wanzamin aski ne wanda ya gudu Bermuda lokacin yaƙi ya dawo bayan an gama, ya bar dattawan jiha a 1870 ya tafi Washinton, a Disambar shekarar ya zama baƙar fata na farko a majalisar wakilan Amurka. Kowanne cikin waɗannan yana nufin zaɓen cike gurbi da sabon suna da dole ka nemo. In kuma jihar Jojiya ce kake bincike abin yafi haka tsanani, don a Satumba 1868 turawan majalisar suka kori baƙaƙen 'yan majalisa daga kujerunsu wai kundin jiha bai basu damar riƙe muƙami ba, aka ɗora waɗanda suka kayar, sai 1870 aka dawo da su. Kaga a can majalisa ɗaya tana da jeri uku, na kafin kora, na bayan kora, na bayan dawowa.

Akwai abin da littafin zama ba zai baka ba, baya rubuta launin fata kuma baya rubuta jam'iyya, suna da gunduma kawai. Shi yasa masana tarihi suke ɗan saɓawa a kan adadin baƙar fata a majalisar 1868, duka sun yarda sun haura 70 cikin 124 a wakilai, a dattawa kuma kimanin 10 ne turawa suna da rinjaye, amma lambar ƙarshe tana motsawa da biyu ko uku gwargwadon ranar da mai ƙirga ya tsaya da kuma yadda ya yanke hukunci a kan wasu 'yan tsiraru. Wannan ba abin mamaki bane a jihar da kusan kashi 60 cikin ɗari na mutanenta baƙar fata ne a lokacin, kuma ita kaɗai ce jihar da baƙar fata suka riƙe rinjaye a majalisar wakilanta tun daga 1868 har 1876. Don cike wannan giɓin sai ka koma jaridu da ƙidaya.

Jaridu suna nan kyauta a Chronicling America, shafin ɗakin karatu na majalisar Amurka. Ka zaɓi jihar, ka taƙaita shekaru, ka nemi Charleston Daily News da Daily Phoenix ta Columbia. Zaɓen an yi shi ne a tsakiyar Afrilu 1868, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuli zaka samu jerin waɗanda suka ci, kuma jaridun nan sukan liƙa kalmar colored a bayan sunan baƙar fata, sukan kuma faɗi jam'iyya. Matsala biyu zaka haɗu da su. Na'ura ce ta karanta tsohon bugun don haka tana cin haruffa, in ka nemi suna baka samu ba kar ka ce babu, ka gwada rabin sunan ko ka haɗa shi da sunan gunduma. Sannan su kansu 'yan jaridar basa kula da rubutun sunan baƙar fata, Robert Smalls ɗan majalisa daga Beaufort sau da yawa Small suke rubuta shi ba s a ƙarshe, ka nemi duka biyun.

Maganar sunaye tana buƙatar nutsuwa sosai. Franklin J. Moses biyu ne, uba da ɗa, uban shine alƙalin alƙalan jiha, ɗan shine kakakin majalisar wakilai daga 1868 zuwa 1872 kafin ya zama gwamna. Mackey ma haka, Albert G. Mackey ne ya shugabanci taron kundin 1868, ɗansa E. W. M. Mackey ne zaka haɗu da shi a rikicin 1876. Samuel J. Lee na Edgefield da Aiken wanda ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kakaki a 1872 daban yake da Samuel Lee na Sumter. Harafi ɗaya a tsakiya ne ya raba su, in ka yi sakaci ka haɗa rayuwar mutum biyu ka ba mutum ɗaya. Ƙa'idata ita ce bana yarda suna biyu mutum ɗaya ne sai abu biyu sun dace bayan sunan, kamar gunduma da shekaru, ko sana'a da sunan mata. Kuma mutane da yawa sun canja suna bayan samun 'yanci ko kafin nan. Mu ma muna da namu a can, Muhammadu Ali ɗan Sa'id haifaffen Kukawa a Borno, wanda aka kama yana yaro aka bi da shi ta Sahara har Turkiyya da Rasha, daga baya ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, bayan yaƙi ya zauna a Karolina ta Kudu ɗin nan yana koyarwa. Shi ba ɗan majalisa bane, amma in ka neme shi da sunan yanka ba zaka same shi ba, Nicholas Said ne a takardu.

Sai ƙidayar 1870, wacce zaka samu a shafin binciken asali na FamilySearch in ka yi rajista kyauta. Ita ce ƙidaya ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. A ta 1850 da 1860 bawa bashi da suna, a ƙarƙashin sunan ubangidansa ake sa shekaru da jinsi da launi kawai. Wannan ma hanya ce, in ka samu ɗan majalisa baƙar fata da sunansa a ƙidayar 1860 cikin masu 'yanci toh ba bawa bane kafin yaƙi, in baka same shi ba akwai yiwuwar bawa ne ko daga wata jiha yazo, amma rashin samu kaɗai ba hujja bace. Takardar 1870 tana da gidan shekaru, launi da harafi W ko B ko M na ruwa biyu, sana'a, darajar ƙasa da gidan da ya mallaka, darajar sauran dukiya, wurin haihuwa, da gida biyu na bai iya karatu ba da bai iya rubutu ba. Ka tuna malamin ƙidaya da idonsa yake yanke launi, kuma wani lokaci maƙwabci ko yaro ne ya bashi bayani, sannan ƙidayar ta tsallake mutane da yawa a kudu. Ka gwada ta da ta 1880. Ta 1890 kar ka wahalar da kanka, gobara ta cinye mafi yawanta a 1921.

Wanda nafi so a duka shine rajistar bankin 'yantattun bayi, Freedman's Savings Bank, da yayi aiki daga 1865 zuwa rushewarsa a 1874, yana da reshe a Charleston da Beaufort. Mai buɗe asusu sai ya faɗi inda aka haife shi, inda yake zaune, sana'arsa, sunan matarsa da 'ya'yansa da uwa da uba da 'yan'uwa, a rajistocin farko har da sunan tsohon ubangida, sannan ya sa hannu ko yayi alamar X. Anan mutumin ne da bakinsa yake faɗin ko shi waye. In kuma tsohon soja ne, kamar Prince Rivers da yayi saje a rundunar farko ta baƙaƙen Karolina ta Kudu ko Stephen Swails sanatan Williamsburg da ya fito daga runduna ta 54 ta Massachusetts, takardun soja da na fansho zasu ƙara maka da yawa. Ko abin da mutum ya faɗa a kan kansa ma ka auna shi, Robert Brown Elliott wanda ya wakilci Barnwell a 1868 ya kuma zama kakaki a 1874 yana cewa a Boston aka haife shi yayi karatu a makarantar Eton ta Ingila, masu bincike basu samu shaidar haka ba, alamu sun fi nuna Liverpool ta Ingila.

Akwai waɗanda suka riga ka yin wannan wahalar kuma ya kamata ka amfana da su, amma bayan ka haɗa naka jerin, don ka samu abin gwadawa. Jihar tana da kundin tarihin rayuwar 'yan majalisar wakilanta wanda juzu'insa na farko jerin zama zama ne tun daga 1692, akwai kuma na dattawa. Eric Foner yana da Freedom's Lawmakers na 1993 mai ɗauke da taƙaitaccen tarihin baƙaƙen masu muƙami kusan 1,500 a kudu, Thomas Holt kuma a Black over White na 1977 ya bi baƙaƙen 'yan majalisar jihar nan sama da 250 ɗaya bayan ɗaya, ya tarar mafi yawansu sun iya karatu da rubutu kuma da yawa suna da dukiyar da ake biya wa haraji. In naka ya saɓa da nasu ka koma littafin zama ka duba shafin, sau da yawa kai ne ka kuskure, amma ba kullum ba.

Yanzu mu koma hoton da ƙanwata ta turo. Ashe ba don girmamawa aka yaɗa shi ba. Akwai rubutu da yake tafiya da shi wanda yake cewa cikin 63 ɗin 22 ne kawai suka iya karatu da rubutu, 41 alama suke yi, 19 ne suke biyan haraji kuma jimlar harajinsu dala 146 da 'yan kai, amma suna ɗora wa turawan jiha harajin dala miliyan 4. Takardar farfaganda ce ta abokan hamayya, kuma ka lura 63 ba su kai ko rabin 'yan majalisun biyu ba. Haka littafin James Pike na 1874, The Prostrate State, haka fim ɗin The Birth of a Nation na 1915 da ya nuna 'yan majalisar suna shan giya sun ɗora ƙafa ba takalmi a kan tebur, daga irin waɗannan ne duniya ta ɗauki hoton majalisar nan na tsawon shekaru. Ni abin yana min ciwo, don mutanen nan sune suka kafa wa jihar tsarin makarantun gwamnati na kowa da kowa karon farko, suka kafa hukumar sayen ƙasa a 1869 don marasa gona su mallaka. Ba ina cewa ba a ci kuɗi ba, an ci, Moses ƙarami ɓarnarsa a fili take, kwangilar buga takardun majalisa ma an yi ta'asa a cikinta, baƙi da farare duka da hannunsu. Amma rahoton binciken almundahana na 1877 zuwa 1878 'yan Dimokurat da suka ƙwace mulki ne suka haɗa shi a kan 'yan Rifablikan da suka kayar. Robert Smalls, bawan da ya sace jirgin ruwan Planter daga tashar Charleston ranar 13 ga Mayu 1862 ya miƙa shi ga sojan Tarayya da iyalinsa a ciki, an yanke masa hukuncin cin hancin dala 5,000 a 1877, aka yafe masa a 1879 cikin wata yarjejeniya da ta sa aka janye tuhumar maguɗin zaɓe a kan 'yan Dimokurat. Toh in zaka rubuta wannan a gidan Smalls ka rubuta duka, hukuncin da wanda ya gurfanar da shi da yadda aka ƙare. Duk takardar da ta siffanta maka ɗan majalisa, ka fara tambayar wa ya rubuta, a wace shekara, yana wane ɓangare. Ka karɓi suna da kwanan wata daga maƙiyi in sun dace da littafin zama, siffar hali kuwa sai ka nemi shaida ta biyu. Shaidun da kwamitin majalisar Amurka ya ɗauka a 1871 a kan ta'addancin ƙungiyar turawa masu wariyar launin fata ta Ku Klux Klan, juzu'i 13 da aka buga a 1872, uku daga ciki na jihar nan ne, a can zaka ji muryar ɗaya ɓangaren.

In binciken naka ya kai 1876 sai ka ƙara gida a teburinka, don a shekarar majalisar wakilai biyu aka yi a lokaci ɗaya. An samu 'yan Rifablikan 59 da 'yan Dimokurat 57 masu takardar shaida, kujera 8 na Edgefield da Laurens da 'yan Dimokurat suke cewa sun ci kuma hukumar zaɓe taƙi tabbatarwa saboda maguɗi, a Edgefield ƙuri'un sun fi yawan masu zaɓen. Ranar 28 ga Nuwamba da aka hana mutum takwas ɗin shiga sai 'yan Dimokurat suka fice suka koma Carolina Hall suka zaɓi William H. Wallace kakaki, na cikin gini suka zaɓi E. W. M. Mackey. Har an yi kwanaki huɗu duka biyun suna zaune a zaure ɗaya, kakaki biyu kowa yana sauraron nasa, ana kwana a kan kujeru. Wasu 'yan Rifablikan suka sauya sheƙa zuwa gidan Wallace, kotun ƙolin jiha ta goyi bayansa, a Afrilu 1877 shugaban Amurka Hayes ya janye sojoji daga ginin majalisa, gwamna Chamberlain ɗan Rifablikan ya sauka Wade Hampton ɗan Dimokurat ya karɓa, aka kori da yawa daga mutanen Mackey wasu kuma sai da suka nemi gafara a gaban zaure kafin a basu kujerunsu. Anan ga kowane suna sai ka rubuta wane gida ya zauna, ranar da ya koma ɗayan in ya koma, da abin da ya same shi bayan Afrilu. Jerin da aka buga daga baya yakan bi na waɗanda suka yi nasara, don haka sunayen waɗanda aka kora sai ka tono su daga jaridun Nuwamba da Disamba.

Daga nan in ka ci gaba da bin shekaru zaka ga gidan launi a teburinka yana ta komawa harafi ɗaya. Kundin 1895 da tsohon gwamnan jihar Ben Tillman ya jagoranta, wanda baƙar fata shida kacal suka halarci taronsa har da Smalls, ya rufe ƙofar zaɓe da jarrabawar karatu da haraji. John Bolts na Georgetown ne na ƙarshe, ya fita a 1902, ba a sake zaɓen baƙar fata a majalisar jihar ba sai 1970 da Herbert Fielding da James Felder da I. S. Leevy Johnson suka shiga. Ni dai a 1872 teburina ya tsaya yanzu, akwai gidajen haihuwa da sana'a da yawa da ban cike ba, ƙanwata ta karɓi gundumar Beaufort tana bi a ƙidayar 1870, ni kuma ina kan Orangeburg ina neman ranar da aka rantsar da wanda ya zauna a kujerar Randolph.